Mugu, maƙetaci, marar imani: yadda Turanci ke rarrabe kalmomin mugunta

Duk sanda 'yan bindiga suka afka wa wani ƙauye a Maru ko Tsafe ko Zurmi, kafin wani lokaci sanarwar Allah-wadai ta fito da Turanci, kuma kalmomin cikinta kusan ba su canzawa: *barbaric*, *dastardly*, *heinous*, *callous*, *wicked*. A jera uku ko huɗu a jimla guda. Mai fassara a gidan rediyo a Gusau, ga lokacin labarai ya ƙarato, sai ya dunƙule su duka ya ce "rashin imani" ya wuce. Ba a ga laifinsa ba, domin shi ma marubucin sanarwar zafi kawai yake nema, duk wadda ta zo hannu ya ɗora. Wahalar tana bayyana ne a wuraren da kalma ɗaya ke iya jawo asara: takardar Turanci ta WAEC da NECO da JAMB, rahoton da ma'aikacin agaji zai aika wa hedikwatarsu, labarin da ɗan jarida zai sa wa hannu, da bakin tafinta a gaban alƙali.

Mafi yawan ɗalibai suna ɗauka bambancin kalmomin nan a zafi ne kawai, wata ta fi wata. Zafin yana nan, amma kowace kalma tambaya daban take amsawa. Wata tana magana a kan abin da ke zuciyar mai aikatawa, wata a kan abin da yake nema, wata a kan ikon da yake da shi na sassautawa, wata a kan yadda aka yi aikin, wata kuma a kan abin da mai kallo ya ji. Wanda ya san tambayar da kalma ke amsawa ba zai sa ta inda ba gurbinta ba.

Uwar tafiyar ita ce *cruel*. Ta shigo Turanci daga Latin ta hanyar Faransanci, kuma tushensu ɗaya da *crude*, wato ɗanye. Sharuɗɗanta biyu ne: akwai mai rai da ya sha wuya, kuma wanda ya jawo wuyar ya san abin da yake yi, ko dai yana so ko bai damu ba. Mai jakin da ya labta masa kayan da suka fi ƙarfinsa a hanyar kasuwar Talata Mafara, jakin ya durƙusa, ya bi shi da sanda, wannan *cruel* ne ba gardama. Wanda ya take ƙafar yaro cikin cunkoso bai sani ba, komai zafin da yaron ya ji, kalmar ba ta hau shi ba. Turawa kan ba ƙaddara da cuta aron kalmar, su ce *a cruel blow* ga wanda mutuwa ko asara ta faɗa wa ba zato. Mai fassara ya ce jarrabawa mai tsanani ko babban rashi. Idan ya ce mugunta, mai sauraro zai fara neman wanda ya yi ta. Haka ma a ɗaya ɓangaren: "mugun zafi", "mugun tsada", "mugun ciwo" babu *cruel* a cikinsu ko kaɗan. Hausa tana amfani da "mugu" don ƙarfafa magana, Turancinsu *severe* ne ko *terrible* ko *extremely*.

Akwai kalmomin Hausa biyu da ke yawan kayar da masu fassara. Ta farko zalunci. Zalunci maganar haƙƙi ce, a hana mutum abin da yake nasa ko a ɗora masa abin da bai wajaba a kansa ba. Wanda ya cinye gadon marayu yana yi musu murmushi yana saya musu kayan salla azzalumi ne, amma Bature zai fara cewa *unjust* ko ya ce ya yi *cheating* ko *defrauding* ɗinsu. Harajin da 'yan bindiga ke ɗora wa ƙauyuka kafin su bar su su yi shuka ko girbi sunansa *extortion*, halin da mutanen ke ciki kuma *oppression*. Azzalumin shugaba *tyrant* ne. *Cruel* tana shigowa ne idan ana son nuna wuyar da aka sha a jiki ko a rai. Ta biyu rashin imani. Ɗalibi ya rubuta *faithless* ko *he has no faith*, alhali *faithless* maci amana take nufi, musamman a aure ko abota, ɗayar kuma ta koma maganar addini zalla. Marar imani na Hausa, wanda zai harbi tsoho yana roƙonsa, *heartless* ne ko *merciless*.

Sai *wicked*, wadda Turancin Najeriya ya ba aikin da ba nata ba. A nan malamin da ke matse maki *wicked* ne, mai gidan hayar da ya ƙara kuɗi *wicked* ne, kishiyar uwa ma haka. A Ingila kalmar tana nufin mugun hali ta fuskar ɗabi'a, kuma tana da ƙanshin coci da tatsuniya. Ana faɗa wa yaro mai ƙiriniya ita cikin wasa, matasa kuma sun daɗe suna amfani da ita wajen yabon abin da ya burge su. Ga malami mai tsanani akwai *strict* da *harsh* da *severe*. Ga marowaci akwai *stingy*. Ita kuwa *mean* sai an lura da bakin da ta fito: a Ingila ta fi karkata ga rowa, a Amurka ga ƙananan ƙeta irin ta yara a makaranta.

Kalmar da ta fi cancanta a tsaya a kanta ita ce *callous*, don ita ce aka fi jefawa ba bisa ƙa'ida ba. Asalinta kalmar Latin ce ta fatar da ta yi tauri, abin da muke kira kanta. Hannun manomin da ya shekara yana riƙe da fartanya, ƙaya ta soke shi bai ji ba. Zuciyar da ta zama haka ita ce *callous*. Mai wannan hali ba ya neman kowa da sharri, kuma wahalar wani ba ta yi masa daɗi. Ya gani, ya sani, ko gezau. Shi ya sa abokan tafiyarta a jimla su ne *disregard* da *indifference* da *remark* da *attitude*: *callous disregard for human life*. Ta fi dacewa da mai riƙe da ofis, da direban da ya buge mutum ya ƙara wuta, da wanda ya je gidan makoki yana tambayar bashi. Wanda ya ɗauki bindiga ya shiga gari da niyyar kisa, a kira shi *callous* kamar an rage masa laifi ne, sai dai idan ana nufin yadda ya yi abin ba tare da wani abu ya motsa a ransa ba.

Bala'in gubar dalma na 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, wanda ya kashe yara kimanin 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega, ya isa misali. Iyayen da suka riƙa kawo duwatsun zinariya gida ana daka ana niƙa a tsakar gida ba su san akwai guba a ƙurar ba. Ba *cruel* ba ne, ba *callous* ba ne, *unaware* ne. Wanda aikinsa ne ya sa ido bai sa ba, *negligent*, mai sakaci. Wanda likitoci suka yi wa bayani ya fahimta, amma ya ci gaba da niƙa kusa da yara yana cewa ai ba abin da zai faru, *reckless*, mai ganganci. Wanda ya yarda yaran za su mutu, ya ɗaga kafaɗa ya ce ba nasa ba ne, shi ne *callous*. Aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa a Bagega bai kankama ba sai 2013, kuma duk marubucin da zai yi magana a kan wannan jinkiri dole ya zaɓa tsakanin *slow* da *negligent* da *callous*. Ta farko bayani ce, ta biyu zargi, ta uku hukunci a kan zuciyar mutane, kuma kowace hujjar da take bukata daban.

'Yan uwan *callous* ba su da wuya. *Insensitive* wanda bai ma lura ya taɓa zuciyar wani ba, kamar mai ba da labarin ribar kasuwarsa a gaban wanda aka kore wa shanu. *Indifferent* halin ko-in-kula. *Unsympathetic* ita ce mafi sauƙi, an kai kuka bai karɓa ba. *Hard-hearted* an roƙe shi ya ƙi. *Heartless* kusan *callous* ce, sai dai mai faɗinta ransa ya fi ɓaci, don haka ta fi zama a bakin mai kuka da kanun jarida fiye da rahoton hukuma.

*Ruthless* wata hanya ta bi. Akwai tsohuwar kalmar Turanci *ruth* mai nufin tausayi. Ta mutu ta bar 'yarta. Abin da ke rarrabe *ruthless* shi ne buri. Mutum yana da inda ya nufa, kuma duk wanda ya tare masa hanya zai take shi, ba sani ba sabo. Masu garkuwa da mutane don kuɗin fansa, waɗanda za su kashe ɗaya daga cikin waɗanda suka kama don 'yan uwan sauran su gaggauta haɗa kuɗi, wannan kalma ce tasu, domin kisan hanya ce ta kaiwa ga kuɗin. Sai dai a kula, ba kullum zagi ba ce. Mai sharhin ƙwallo zai ce ɗan wasan gaba *ruthless* ne a bakin raga, yabo yake yi. Ana cewa edita *ruthless* ne wajen yanke rubutu. Gwamna ya ce zai zama *ruthless* a kan masu kai wa 'yan bindiga bayanai, alkawari yake yi ba ikirarin mugunta ba, kuma fassararsa ita ce "ba sassauci". Wanda ya fassara masa da "marar imani" ya sa masa magana a baki.

*Merciless* tana bukatar mutum biyu, ɗaya a hannun ɗaya. *Mercy* jin ƙai ne na mai iko, wanda zai iya hukuntawa ya yafe, shi ya sa ake cewa *at the mercy of*, wato sai yadda aka yi da kai. Fasinjojin da aka tare a hanyar Gusau zuwa Funtuwa suna *at the mercy of* waɗanda suka tare su. Talaka ba ya zama *merciless* ga sarki sai ranar da sarkin ya faɗo hannunsa. *Pitiless* ta adabi ce, ta fi zuwa da rana da hamada da kallon ido. *Remorseless* fuska biyu gare ta, marar nadama da kuma abin da ba ya tsayawa, don haka idan ana nufin wanda aka yanke wa hukunci bai nuna nadama ba, *he showed no remorse* ta fi fita sarai.

Ƙeta ta Hausa, wadda mutum ke cutar da wani ba don zai ƙaru da komai ba, Turanci ya raba ta gida huɗu. *Malicious* akwai niyyar cutarwa, kuma kalma ce ta lauyoyi: *malicious damage*, *malicious prosecution*. *Spiteful* ƙaramar ƙeta ce ta haushi, irin ta wadda ta zuba ruwan wanki a ƙofar ɗakin abokiyar zamanta. *Vindictive* mai ƙullaci ne, an taɓa shi sau ɗaya ya riƙe, yana jiran ranar ramuwar gayya; shugaban ma'aikatar da ya tura wanda ya yi masa gardama can ƙauyen da ba hanya shi ake nufi. Ta huɗun ita ce mafi nauyi, *sadistic*, wanda azabar wani ke yi wa daɗi. An samo ta daga sunan wani basaraken Faransa, Marquis de Sade, wanda ya rayu daga 1740 zuwa 1814, kuma likitocin ƙwaƙwalwa na ƙarshen ƙarni na 19 ne suka yaɗa ta, a ma'anar da ta shafi sha'awa. Yau ta faɗaɗa, amma wannan inuwar ba ta rabu da ita gaba ɗaya ba. Da yawa a Najeriya suna cewa *sadist* suna nufin mutumin da ba ya fara'a ko mai baƙin ciki da ci gaban wasu, wataƙila don sun ji *sad* a farkonta. Babu dangantaka tsakaninsu.

Waɗannan huɗun duka da'awa ce a kan abin da ke cikin zuciya, kuma nan ne ɗan jarida ke jefa kansa cikin ƙarar ɓata suna. Idan ka rubuta cewa wani jami'i ya tsare mutum kwana goma ba tare da kai shi kotu ba, abu ne da takarda za ta iya tabbatarwa. Idan ka ce jami'in *sadistic* ne ko *vindictive*, ka ɗauki nauyin tabbatar da daɗin da ya ji ko ƙullacin da ya riƙe. Ƙwararrun masu rubuta rahoton haƙƙin ɗan Adam kan zayyana abin da aka yi, da me, sau nawa, a gaban wa, su bar sifa ga mai karatu.

Wani rukunin ba ruwansa da zuciya, yanayin aikin yake kallo. *Brutal* daga *brute* take, dabba marar hankali, kuma tana nufin ƙarfi tsagwaronsa a kan jiki: duka da gora, sara, harbi a kusa. *Police brutality* ta zama suna tsayayye, kowa ya ji ta a zanga-zangar EndSARS ta 2020. Amma ana cewa *brutally honest* ga mai faɗin gaskiya ba kara, ana cewa zafin watan Afrilu *brutal* ne. *Vicious* hari ne mai zafin rai da nufin illatawa, na kare ko na mutum ko na harshe. *Vicious circle* kuwa matsala ce mai haifar da wata wadda ke dawo da ta farkon, babu mugunta a ciki. *Wanton* ɓarna ce marar dalili. Waɗanda suka kwashe hatsi suka tafi da shi ɓarayi ne, waɗanda suka cinna wa rumbuna wuta ba su ɗauki ko tiya ba sun yi *wanton destruction*. *Cold-blooded* kisa ne da aka yi cikin natsuwa, ba tsokana ba faɗa, shi ne kisan gilla. Rikicin da ya ɓarke a gona tsakanin manomi da makiyayi rai a ɓace, komai muninsa, ba *in cold blood* aka yi shi ba.

*Savage* da *barbaric* suna ɗauke da kayan tarihi. Ta farko ta samo asali daga kalmar Latin ta daji, ta biyu daga sunan da Girkawa ke kiran duk wanda ba ya jin harshensu. Da su Turawan mulkin mallaka suka riƙa sifanta mutanen da suka mamaye, har da kakanninmu. Don haka idan an ce hari *savage* ne ba matsala, amma a ce wata ƙabila ko mutanen wani yanki *savages* ne, zagi ne na wariya, kuma a jihar da rikici ya riga ya ɗauki launin ƙabila wannan ba ƙaramin abu ba ne. *Barbaric* kuma hukunci ce a kan wayewa: mai faɗinta yana cewa abin bai dace da mutanen da suka ci gaba ba. Lokacin da aka zartar da haddin yanke hannu na farko a Zamfara a watan Maris na 2000, ita ce kalmar da masu suka suka fi ɗauka, masu goyon baya kuma suka ji ta a matsayin zagin addini. Kalmar ta fi gaya maka inda marubuci ya tsaya fiye da abin da ya faru.

Saura na mai kallo. *Gruesome* da *grisly* da *horrific* suna sifanta abin da ido ya gani, gawa ko rauni ko wurin da abin ya auku. Hatsarin mota ma yana iya zama *gruesome* ba wanda ya yi mugunta, kuma ba a cewa mutum *gruesome* ne ana nufin mugu. *Heinous* girman laifi take aunawa, abokiyarta *crime*. *Atrocity* ta'asa ce a kan jama'a, galibi lokacin yaƙi, amma sifarta *atrocious* ta yi sanyi har ana faɗinta a kan mummunan rubutun hannu da lalatacciyar hanya. Ita kuwa *dastardly*, 'yar lelen masu rubuta sanarwar gwamnati, ainihinta mugunta ce haɗe da ragwanci, a far wa wanda ba zai iya kare kansa ba. A Najeriya da nauyinta. A Ingila ta tsufa, ta koma ta mugayen wasan yara, har tana iya ba mai karatu dariya, don haka wanda ke rubuta wa ƙungiyar waje rahoto gara ya ce *cowardly*.

A fagen shari'a ne bambancin ke zama na rai da mutuwa. A fara da tagwayen da harafi ɗaya ya raba. *Inhumane* rashin jin ƙai ne wajen kula da wanda ke hannunka, mutum ko dabba: ɗakin tsare mutane da aka cusa wa ninkin abin da zai ɗauka, ba iska ba ruwa, ko shanun da aka ɗaure a tirela daga Shinkafi zuwa kudu ba hutu. *Inhuman* ta fi ta nauyi, abin da ya fita daga ɗabi'ar ɗan Adam, kuma ita ce ke cikin dokoki. Sashe na 34 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana *torture* da *inhuman or degrading treatment*. Kalmar *cruel* ba ta cikin wannan sashe, amma tana cikin sashe na 5 na Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948, da sashe na 5 na Yarjejeniyar Afirka ta 1981, wadda Najeriya ta mayar dokar gida a 1983. *Degrading* wulaƙanci ne da zubar da mutunci, ko da ba a taɓa jiki ba, kamar a tuɓe dattijo a gaban 'ya'yansa. *Torture* kuwa, a Yarjejeniyar Hana Azabtarwa ta 1984, tana da sharuɗɗa huɗu: azaba mai tsanani a jiki ko a rai, da gangan, don wata manufa kamar tatsar bayani ko tilasta amsa laifi ko horo ko tsoratarwa, kuma da hannun jami'in hukuma ko yardarsa. A maganar yau da kullum ana cewa masu garkuwa sun yi *torturing* waɗanda suka kama, kuma daidai ne, amma mai rubuta ƙorafi a ƙarƙashin waccan yarjejeniya sai ya nuna sharaɗi na huɗu. Najeriya ta yi tata dokar hana azabtarwa a 2017, hukuncinta yana kaiwa ɗaurin shekara 25.

Iyakar da ke tsakanin kalmomin nan ta taɓa raba kan manyan alƙalai. A 1971 jami'an tsaron Birtaniya sun yi wa wasu da suka tsare a Ailan ta Arewa abubuwa biyar: tsayuwa a jikin bango na sa'o'i, rufe kai da buhu, ƙara marar yankewa, hana barci, da ƙuntata ci da sha. Hukumar haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ce *torture* ne. Da maganar ta je kotun Turai, a 1978 ta ce *inhuman and degrading treatment* ne amma bai kai *torture* ba. Aiki ɗaya, shaidu ɗaya, suna biyu.

Mafi kusa da mu shi ne sashe na 222 na dokar hukunta laifuka ta Arewa, wato Final Kod (*Penal Code*), wadda ta fara aiki a 1960. Sashe na 221 ya tanadi kisa ga wanda ya yi kisan kai. Sakin layi na huɗu na sashe na 222 ya sassauta wa wanda ya yi kisan cikin faɗan da ya ɓarke nan take, rai a ɓace, ba shiri, da sharaɗin bai ci zalin abokin faɗansa da wata dama da ya samu a kansa ba, kuma bai yi abin *in a cruel or unusual manner* ba. Idan sassaucin ya tabbata, hukunci ya koma na sashe na 224, ɗaurin rai da rai ko ƙasa da haka. A nan shaida Bazamfare zai ce "ya yi mishi mugun sara", yana nufin sara ɗaya mai zurfi. Tafintan da ya ce *he cut him cruelly* ya shigar da kalmar doka cikin bakin shaidan, alhali abin da aka faɗa shi ne *a deep cut* ko *a severe cut*. Idan kuma shaidan ya ce "ya faɗi yana roƙo, ya ci gaba da saran shi", sai a juya shi yadda yake, kalma da kalma, alƙali ne zai yanke ko ya kai *cruel*. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin tafinta kyauta, kuma abin da tafintan ya faɗa shi ke shiga rijistar da kotun ɗaukaka ƙara a Sakkwato za ta karanta, ba tare da ta ji muryar shaidan ba.

Ga dokoki da matakan gwamnati akwai *draconian*, daga sunan Draco, mai tsara dokokin birnin Atina kimanin shekara 621 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda aka ce ya sa kisa har a kan ƙananan laifuka. Ana faɗinta a kan doka ko mataki ko hukunci, ba a kan mutum ba. A 2021, da aka rufe kasuwannin mako-mako a Zamfara, aka hana sayar da fetur a jarka da safarar dabbobi, sannan a farkon Satumba aka katse layukan waya, marubuci na da zaɓi: *tough* idan yana goyon baya, *stringent* ko *sweeping* idan yana tsaka-tsaki, *harsh* idan ya tausaya wa 'yan kasuwa, *draconian* idan yana ganin matakin ya wuce gona da iri. Wanda ya rubuta *draconian* yana zaton yabo ne na jarumtar gwamnati ya soke ta bai sani ba.

A jarrabawa, tambayoyin kishiyar kalma sun fi tona asiri. Kishiyar *draconian* ita ce *lenient*, ta *vindictive* ita ce *forgiving*, ta *malicious* ita ce *benevolent*, ta *callous* ita ce *compassionate* ko *sensitive*, ta *inhumane* ita ce *humane*, ba *human* ba. Ƙananan kalmomin haɗi ma suna cin maki: *cruel to*, ba *on* ba, ba *with* ba; *indifferent to*; *have mercy on*; *take pity on*; *disregard for*. Sunayen kuma ba tsari ɗaya suke bi ba, *cruelty* da *brutality* da *savagery* a gefe guda, *callousness* da *ruthlessness* da *heartlessness* a ɗaya gefen. Ingila tana rubuta *crueller* da *cruellest* da *l* biyu, Amurka da ɗaya, kuma WAEC ta fi son ɗalibi ya riƙe tsari guda har ƙarshen rubutunsa. Wajen furuci, *callous* "kalas" ce, ba "kalos" ko "kalaus" ba, *heinous* kuma "heinas". *Vicious* "vishas" ce. Wanda ya ce "viskas" ya faɗi *viscous*, wato mai kauri da danƙo irin na zuma. Harshenmu ba shi da *v* da *th*, kuma yana musanya *p* da *f*, shi ya sa *savage* ke fitowa "sabej", *ruthless* ta koma "rusles", *pitiless* ta fara da *f*. A takardar gwajin furuci ta WAEC, inda ake neman kalmar da ke da sauti iri ɗaya da wanda aka ja wa layi, *th* ɗin *ruthless* ɗaya yake da na *think* da *both*, ba na *this* ba.